Minsharin maigidana ya fara ba ni tsoro

Assalamu alaikum 'yan uwa, a sakaya sunana don Allah. Shekararmu 11 da aure, kuma tun farko maigidana mai minshari ne, har na saba. Amma daga bara zuwa bana abin ya canza salo. Zai ja minshari mai ƙarfi, sai ɗif ya ɗauke, ƙirjin na motsi amma ba iskar da ke fita. Shekaranjiya na zauna ina ƙirge, sai da na kai 22 sannan ya zabura ya ja numfashi kamar wanda aka shaƙe. Da safe ya ce shi bai san an yi ba. Yana tashi da ciwon kai, baki a bushe, fitsari kuwa sau uku a dare. Da rana ana tsakiyar hira sai gyangyaɗi. Makon jiya barci ya sace shi a kan sitiyari yana jiran danja, sai da na bayansa suka yi ta danna hon. Shi dai cewa yake gajiyar aiki ce. Ya ƙara ƙiba, kuma yana shan maganin hawan jini. Yaya zan yi?

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Wannan ya wuce minshari kawai, alamun ɗaukewar numfashi ne a cikin barci. Idan barci ya yi nauyi, harshe da naman maƙogwaro sukan saki su toshe hanyar iska, iskar oksijin ta ragu a jini, sai ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum na ɗan lokaci don ya shaƙi iska. Ba ya tunawa, amma barcin ya tsinke. A gwajin barci, tsayawar daƙiƙa 10 ko fiye ake lissafawa: sau 5 zuwa 14 a awa ɗaya mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Kuma wannan matsalar takan hana hawan jini sauka ko ana shan magani, ga haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ku ga likita, ku nemi gwajin barci. Kafin nan ya ajiye tuƙi, wannan shi ya fi tayar min da hankali.

Wani ɗan uwa: Hajiya, ni ma haka na yi ta musu. Matata ce ta ɗauke ni a waya ina barci, da na ji yadda nake kakari jikina ya yi sanyi. Ki yi masa haka, ki nuna masa ku biyu kawai, ban da gori. Yanzu da na'urar CPAP nake kwana, wadda ke hura iska ta hanci don kada maƙogwaro ya rufe. Makonnin farko takunkumin ya takura min ƙwarai, amma ranar da na tashi garau ba ciwon kai na san na daɗe ban yi barci ba.

Wata 'yar uwa: Kada ya sha maganin barci don Allah, yana ƙara sakin maƙogwaron. Ya daina kwanciya rigingine, ya koma gefe. Rage ƙiba ma na taimakawa sosai, sai dai ba zai maye gurbin ganin likita ba.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Yau da dare zan ɗauke shi a waya. Anti nas, gwajin sai an kwana a asibiti?

Ma'aikaciyar jinya: Yawanci kwana ɗaya ne, amma akwai ƙaramar na'ura da ake ba wasu su kwana da ita a gida. Ki bi shi wurin likitan, ke kika ga abin da ke faruwa da dare.