Wai duk littattafan Star Wars da muka karanta yanzu sun zama tatsuniya? Ku zo ku raba mu

Ɗan Birni:

Salamu alaikum ƴan uwa. Jiya da dare a fada muka kusa ɓatawa da ƙanena akan abin da ko sisi ba za mu samu ba, har shayi na biyu ya ƙone saboda mai dahuwar ma ya saki baki yana kallonmu. Magana ce ta taso akan ƴaƴan Yan Solo da Leia, ni na ce uku ne, tagwaye Jacen da Jaina sai ƙaraminsu Anakin, yaron nan ya dube ni kamar na sha wani abu ya ce yaya ɗa ɗaya ne fa, Ben, wanda ya zama Kylo Ren. Na ce kai ƙaramin yaro ne me ka sani, ya ciro waya ya nuna min, wai duk abin da na sani an zuba shi a wani kwando mai suna Legends tun 2014.

Ba wai ban da labari ba ne, na san Disney sun sayi Lucasfilm, kamfanin da ke yin Star Wars, a 2012, na kalli fina-finan nan uku na baya ma, amma a raina kullum ina ɗauka su ne ƙarin, littattafan su ne asali. Yayanmu ne ya fara kawo min su daga Yamai lokacin ina kolej, tsofaffi na Faransanci, bangon ma ya yage an like da sikoc, na farko shi ne na Timothy Zahn wanda ya fito a 1991 inda Thrawn da Mara Jade suka fara bayyana. Da fitilar ƙwai na karanta shi lokacin zafi a tsakar gida, ina fassara wa abokai da Hausa washegari. Yanzu a ce min Mara Jade ba ta taɓa wanzuwa ba, Luke bai taɓa aure ba?

Kuma abin da ya fi ƙona min rai, sun ce sun zubar amma kullum suna komawa juji suna tsinta. Thrawn sun ɗauko shi sun sa a sirin Rebels a 2016, ga shi kuma a sirin Ahsoka a 2023. To in kayan ba su da kyau me ya sa kuke tsinta, in kuma suna da kyau me ya sa kuka zubar. Tambayata ke nan, kamfani yana da hakkin ya ce wannan ne ya faru wancan bai faru ba don kawai shi ya biya kuɗi? Ku kuma wanne kuke ɗauka gaskiya?

Gimbiyar Zango:

Hhhh Ɗan Birni Allah ya ba ka haƙuri amma ni dai ina bayan ƙanenka. Kai da kake kuka da Disney, ka manta shi kansa George Lucas mai kayan ya fi kowa sauya magana? A fim na 1977 an ce wa Luke Dark Vador ne ya kashe ubansa, 1980 aka ce a'a shi ne ma uban. A wannan fim ɗin na 1980 Leia ta sumbaci Luke gaban kowa, bayan shekara uku aka wayi gari wai tagwaye ne uwa ɗaya uba ɗaya, a'uzubillahi, ka ce min mutumin da ya tsara komi tun farko ne zai yi haka? A 1983 Leia ta ce tana tuna mahaifiyarta kaɗan-kaɗan, 2005 muka ga Padmé ta rasu wurin haihuwa, jaririyar minti biyu ce ta riƙe fuskar uwa kenan.

Balle zancen Greedo, mai farautar mutane don lada. Asali Solo ne ya harbe shi ba tare da ya jira ba, 1997 Lucas ya koma ya gyara fim ɗin ya sa Greedo ya fara harbi don kada a ce jaruminsa mugu ne, 2004 ya sake taɓawa. Har yau turawa na buga riga akan wannan rigimar. Lokacin babu Disney ko kusa.

Kuma mu nan da muka kalla da Faransanci ma ya kamata mu fi kowa yin shiru, a fim na farko Chewbacca sunansa Chiktabba, jirgin kuma Millenium Condor, C-3PO shi ne Z-6PO, daga baya aka mayar da wasu aka bar wasu. Ni har na girma ban san Han ake cewa ba sai Yan, kai ma ga shi Yan ka rubuta.

Injiniya_Karkada:

Bari in ɗan gyara wani abu don kamar an ɗauka kafin 2014 komi daidai yake da komi. Ba haka ba ne. Lucasfilm suna da wani rumbun bayanai da suke kira Holocron, Leland Chee ke riƙe da shi, kuma a ciki an yi wa labaran matakai. Na sama shi ne G, wato abin da ya fito daga George da kansa, fina-finai shida. Sai T na telebijin, The Clone Wars. Sai C, nan ne littattafanka suke Ɗan Birni, da komik da wasannin bidiyo. Ƙasa da su akwai S da N. Dokar kuma a fili take, in na sama ya saɓa da na ƙasa, na ƙasa ne zai kauce. Ma'ana tun ranar da kake karatu da fitilar ƙwai littafin nan ɗan haya ne a gidan, mai gida na iya tashinsa ko yaushe, kuma ya sha tashin wasu, Clone Wars ya rushe abubuwa da yawa da marubuta suka gina akan Mandaloriyawa.

Abin da ya faru ranar 25 ga Afrilu 2014 shi ne an daina matakan gaba ɗaya, aka ce daga yau duk sabon abu matsayinsa ɗaya, tsohon kuma a ci gaba da buga shi da tambarin Legends. Ba a ƙona ko ɗaya ba, har yanzu ana sayarwa.

Kuma ka sa kanka a matsayinsu. Ka zuba dala biliyan 4 da ɗoriya, dalar Amurka fa ba dalarmu ta sefa biyar ba, kana so ka yi fim a 2015 da tsofaffin ƴan wasan, sai a ce maka to ka sani Chewbacca ya mutu tun littafin 1999, wata ne ya faɗo masa a duniyar Sernpidal, Anakin ƙarami ya mutu, Jacen ya zama Sith, wato ya koma ɓangaren mugaye, ya kashe Mara Jade, ƴar uwarsa Jaina ta kashe shi. Ta ina za ka fara yi wa mai sayen tikiti wannan bayanin? Mutum nawa cikin ɗari suka karanta? A ganina ba su da wata hanya. Inda zan yarda da kai shi ne tsintar da suke yi ba su cika yin ta da kyau ba, Kylo Ren ai Jacen ne aka sauya wa riga, har sunan Ben ɗin ma na ɗan Luke ne a littattafai.

Malam na Lise:

Yara kun sa ni dariya, ni da nake shiga nan don labarin ƙwallo. Ban karanta littattafan nan ba, fina-finan dai na gani tun zamanin kaset, amma rigimar taku na san ta tun kafin a haife ku.

Kakarmu a Garin Malam in ta zauna yi mana tatsuniya, yau Gizo zai faɗa rijiya ya mutu saboda kwaɗayi, gobe da dare ga shi garau yana yi wa Ƙoƙi wayo akan gyaɗa. Ba wanda ya taɓa ɗaga hannu ya ce Iya ba jiya ya mutu ba? Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne ta ce Gizo ya samu nama ya raba wa marayu ya kwana da yunwa. Nan ne za mu yi ihu mu ce wannan ba Gizo ba ne. Mutuwarsa da tashinsa ba su dame mu ba, halinsa muke gadi.

Haka in ka zauna da tsofaffi biyu a Birni ka tambaye su zamanin Sarki Tanimun, yadda aka gina ganuwa da yadda aka ƙera bindigogi, kowa da yadda ya ji daga kakansa, wani wurin su haɗu wani wurin su rabu, kuma ba wanda zai je ya kulle bakin ɗaya.

Amma Ɗan Birni yana da gaskiya ta wani gefe da ku biyun kuka tsallake. Iya ba ta taɓa karɓar kuɗinmu ba, kuma in ta gama tana faɗa da bakinta cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Su waɗannan sun shekara ashirin da wani abu suna sayar wa mutane littafi akan cewa ci gaban labarin ne, mutum ya bi ɗaya bayan ɗaya don kada wani abu ya wuce shi, ya haddace sunaye da shekaru. Wanda ya sa ka haddace shi ne ya dawo ya ce ba za ta fito a jarrabawa ba. Ni malami ne, na san irin kallon da ɗalibai ke yi wa mutum in ya yi musu haka.

Abba_2006:

ni ne ƙanen da ake magana 😂 yaya ka faɗi gaskiya ai kai ka fara cewa in rufe baki.

ni da Mandalorian na fara, a waya, wani aboki ya tura min sezon ɗin farko, ban san wani Jacen ba kuma ban ji na rasa komi ba. amma tunda Malam ya kawo zancen Gizo bari in ce ni nan ne ban yarda ba, Gizo abin dariya ne in ya mutu ba wanda ke kuka, Star Wars kuma so suke ka ji zafin mutuwar sannan su dawo da mutum. Dark Maul an raba shi biyu a 1999 ya faɗa rami, 2012 ga shi a Clone Wars da ƙafafun ƙarfe. Boba Fett dodon rami ya haɗiye shi a 1983, 2020 ga shi yana yawo. waɗannan ma na haƙura don Maul ɗin da ya dawo ya fi na farko daɗi nesa ba kusa ba, an ba shi labari na gaske. amma Palpatine fa, mugun sarkin nan ubangidan Vador? duk fina-finai shida akan Vador ya tuba ya jefa shi ya ceci ɗansa ya mutu, shi ne ƙarshen, sai 2019 a rubutun farkon fim kawai a ce ya dawo, saƙon da ya aiko ma ba a fim aka ji shi ba wai a cikin wasan Fortnite aka saka. to Vador mutuwar banza ya yi kenan. kuma Rey, jarumar sababbin fina-finan, a 2017 an ce iyayenta ba kowa ba ne, na ji daɗin wannan wallahi, bayan shekara biyu wai jikar Palpatine ce. wannan ba tsohon littafi suka saɓa wa ba, fim ɗinsu na jiya suka saɓa wa.

sannan yaya kafin ka ce a Legends ba a haka, Injiniya ya gaya min a komik ɗin Dark Empire na 1991 ma Palpatine ya dawo a sabon jiki, Boba Fett ma a can ya tsira. to kowa ya sha ruwan.

Gimbiyar Zango:

Abba ka gama magana. Ni abin da ke ba ni haushi da wasu fans shi ne inda suke kashe ƙarfinsu. Lokacin The Acolyte a 2024 mutane sun kwana suna faɗa akan shekarar haihuwar Ki-Adi-Mundi, wai a tsohon lissafi ba a haife shi ba a lokacin, mutumin da in ka tara duk maganarsa a fina-finai ba ta cika minti biyar ba. Ga matsaloli na gaske a siri ɗin, labari na jan ƙafa, amma ranar haihuwa ake wa zanga-zanga. Sezon ɗaya aka yi aka tsayar.

Ku dubi Rogue One kuma. Shi ma ya goge tsohon labari, a wasan Dark Forces na 1995 Kyle Katarn ne ya sato zanen Etuwal Nuwar, makamin nan mai tarwatsa duniyoyi, fim ɗin 2016 ya ba wasu mutane daban aikin. Wa ya yi kuka sosai? Kaɗan. Don ya ɗauki abin da aka shekara kusan arba'in ana yi wa dariya, wai ya za a gina makami kamar wata a bar masa rami ɗaya da zai tarwatsa shi, ya ce wanda ya zana ne ya bar shi da gangan. Ka koma ka kalli na 1977 sai ka ji ya ƙara nauyi. Kuma duk jaruman sun mutu, har yau ba a tono ko ɗaya ba.

Ɗan Birni:

To na ji, kun taru kun yi min rubdugu har da ɗan cikin gida. Injiniya zancen ɗan haya ya shige ni, ban san da matakan nan ba. Dark Empire kuma ban taɓa karantawa ba, in haka ne na janye rabin maganata, rabi kawai. Mara Jade dai ba wanda zai hana ni, a wurina Luke ya yi aure, ku je ku kai ƙara.

Malam na gode, kai kaɗai ka gane inda ke min ciwo.

Gimbiya Andor ɗin da kike ta yabo a wancan zauren ban gani ba har yanzu, in wani na da sezon biyun a kile ya kawo fada ran Juma'a bayan isha'i, na Faransanci in da hali don turancina sai a hankali. Abba kai za ka dafa shayin, kuma ka dawo min da littafina da na gani ƙarƙashin katifarka.

Abba_2006:

shafi 140 nake, Thrawn ɗin nan na littafi ya fi na Ahsoka wayo fa. sai na gama.