Mashin ya ƙi tashi, fulogi ba wuta: ina aka gano ciwon naka?

Mai Boxer, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Tun da ruwan Agusta ya zauna, duk safiya in ka biyo daga Tudun Wada zuwa PZ a nan Zariya ba ka rasa ganin wani yana tura mashin, ko ya tsuguna bakin kwalbati yana kwance fulogi. Yawancinsu da mai a tanki, wuta ce ba ta zuwa. Abin haushin, da ka gangara wajen bakanike, tun bai sunkuya ba zai ce maka sidiyai ne, wato CDI, ɗan akwatin nan da ke sakin wutar fulogi a kan lokaci. To kowa ya kawo abin da ya taɓa samunsa da inda aka gano ciwon, ko ma rage asara.

Nawa dai hular fulogi ce. Duk sanda ruwa ya doke ni, ko na kai shi wanki aka feshe shi da inji, sai ya mutu murus. In rana ta buge shi kuma ya tashi lafiya lau. Wata rana bayan magariba ina buga kik a zaure, sai na hango wuta shuɗiya tana tsalle daga gefen hular zuwa jikin injin, tana ƙara tas-tas. Ashe hular ta yi wata siririyar tsaga da ido ba ya gani da rana. In ta jiƙe, wutar sai ta bi ruwan ta zurare, ba ta isa bakin fulogi. Na sayi sabuwa, na ɗan datse kan wayar inda ya yi baƙi, na murɗa ta ta shiga sosai. Shi ke nan.

Bakanike, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Malam, a yi mana adalci, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Amma ka faɗi gaskiya, akwai yaran da in mashin ba wuta sidiyai kawai suka sani, don shi ne mai sauƙin cirewa, soket ne ka zare ka soka. Ni yadda ogana ya koya mini, daga bakin fulogi ake farowa a bi wutar ta baya har inda take fitowa.

Ka kwance fulogi ka dube shi tukuna. In bakinsa ya jiƙe da fetur, mai na zuwa, ka ƙyale kafireta. In ya yi baƙi da busasshiyar kunkunniya, mai ya yi yawa ko abin tace iska ya toshe. In baƙin mai maiƙo ne, baƙin mai ne ke hawowa, wannan kuma maganar ringi ce. Sai ka mayar da shi cikin hularsa, ka ɗora gindinsa na ƙarfe a jikin injin inda ba fenti, ka buɗe makulli, wani ya buga maka kik. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce, har ƙararta kana ji. In ja ce ko ruwan ɗorawa, siririya, tana zuwa tana ɗaukewa, kar ka ce mini akwai wuta. A waje ba abin da ya matse ta. A cikin inji, inda fistin ya danne iska da mai, irin wannan ba ta iya tsallakewa.

Don Allah kuma a matsar da fulogin nesa da ramin da ya fito, don tururin fetur ta nan yake fitowa, na ga yaron da girarsa ta babbake. Kuma kar a riƙa buga kik fulogi na reto bai taɓa ƙarfe ba. Wutar da ba ta samu hanyar fita ba, kan sidiyai take hucewa, ko kan kwayil, wato naɗin wayar da ke ƙara wa wuta ƙarfi kafin ta isa fulogi.

Tazarar bakin fulogi, ƙananan mashinan nan namu milimita 0.6 zuwa 0.8 suke so. In ya tsufa ya wage, da safe za ka sha wuya. Roba-roba da danginsa C7HSA suke ɗauka, masu inji irin na CG kuma D8EA, amma ya fi ka karanta rubutun jikin tsohon ka nemi irinsa. In ka sa sabo ma ba wuta, cire hular, ka riƙe wayar da filaya mai hannun roba kusa da jikin injin, a buga. Wuta ta zo, hula ce. Ba ta zo ba, a matsa zuwa kwayil. Sidiyai shi ne na ƙarshe a wurina, kuma ba na sa mutum ya saya sai na aro na wani mashin irin nasa na gwada a gabansa.

Ɗan acaba, Kwangila:
Oga, Allah ya ƙara basira. Nawa ya fi na kowa rainin hankali. Da safe kik ɗaya yake tashi. Sai na ɗauki fasinja zuwa Shika ko Giwa, inji ya ɗau zafi, sai ya fara tari, ya yi tus-tus ya mutu a tsakiyar hanya. Fasinja ya sauka yana tsaki ya tari wani, kuɗin ma ba ka da bakin tambaya. In na zauna gindin bishiya ya huce, sai ya tashi. In na kai gareji kuwa ya riga ya huce, a gwada wuta a gan ta shar, a ce mai ne, a wanke kafireta in biya. Wani dattijon bakanike a hanyar Shika ne ya ce mini kar in bari ya huce, yana mutuwa in kwance fulogi in gwada nan take. Na yi haka, da tsumma a hannu don zafi. Ko ƙyas babu. Ya ce kwayil ɗin ƙarƙashin tanki ne, siririyar wayar tagullar da ke naɗe a cikinsa ta tsinke a wani wuri, da sanyi bakunan na haɗe, in ya yi zafi sai su rabu. Muka canja, ya daina. Yanzu ba na fita sai da sufanar fulogi da fulogi guda a ƙarƙashin sit.

Bakanike, Sabon Gari:
Haka ne ɗan'uwa, amma ba kwayil na sama kaɗai ke da wannan hali ba. Ƙaramin kwayil na wajen magnito (faifan maganaɗisun da ke juyawa a gefen inji yana samar da wuta), wanda ke ba sidiyai alamar lokacin sakin wuta, shi ma yana yi, don shi a cikin zafin injin ma yake zaune. Ka yi sa'a na farkon ya dace.

Malamin makaranta, Samaru:
Ni ɓera ne. Mun tafi hutu na bar mashin a ɗakin da muke ajiye masara. Na dawo ba wuta, ba hon, ba komai. Mai wayarin na ɗaga sit sai ga sheƙa, ga ɓawon gyaɗa, ga zaren buhu, wayoyi duk an gwaguye su, fis kuma ya ƙone. Duk wanda zai ajiye mashin ya daɗe, kar ya haɗa shi ɗaki ɗaya da hatsi.

Mai wayarin, Muchiya:
Salamu alaikum. Tunda maganar ta zo kan waya bari in sa baki. Sidiyai iri biyu ne, kuma rashin sanin haka ya sa mutane da yawa sun sayi sabo ya ƙi aiki, su ce jabu aka ba su. Akwai mai cin wuta kai tsaye daga magnito, shi ko ka cire batir ka ajiye, kik zai tayar da mashin. Akwai mai cin wutar batir, shi kuwa in batir ya yi rauni sosai ko fis ya ƙone, da wuya kik ya fisshe ka. Wani lokaci soket ɗinsu iri ɗaya ne, ya shiga daram, amma aikin ciki daban. In za ka kasuwa ka tafi da tsohon a hannu, ka faɗi sunan mashin ɗinka.

Sai makulli, wanda ba a cika zarginsa ba. A masu cin wutar magnito, in ka kashe makulli ba yanke wuta yake yi ba, karkatar da ita yake yi zuwa jikin mashin. A mashinan China masu bin tsarin wayarin Honda, wayar da ke wannan aikin baƙa ce mai ratsin fari. Koriya ita ce at, wato wadda ake ɗaurewa a ƙarfen jikin mashin. Baƙa mai ratsin ja daga magnito take kawo wuta, shuɗiya mai ratsin fari ta ƙaramin kwayil ce, baƙa mai ratsin ɗorawa ita ke zuwa kwayil na sama. To in ruwa ya shiga makulli ya yi tsatsa, ko baƙa mai farin nan ta goge a wuyan mashin inda kai ke juyawa har ta taɓa ƙarfe, mashin a kashe yake ko da makulli na buɗe. Zare ta ita kaɗai daga soket ɗin sidiyai ka buga. In wuta ta dawo, sidiyai lafiyarsa ƙalau. Amma ka sani, in ya tashi a haka makulli ba zai kashe shi ba, sai ka sa giya, ka taka birki, ka saki kuloci. Ɓarayi sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa makulli kaɗai ba tsaro ba ne, sai da sarƙa da kwaɗo. Bajaj da TVS kuma launin wayarsu daban ne, kar a ɗauki wannan a kai can.

Kar a raina koriyar wayar nan. Mashin nawa na tayar da sanfefa kawai: notin da ya riƙe ta a jikin firam ya yi tsatsa, na kwance, na goge har ƙarfe ya yi fari, na ɗaure.

Mai mashin ɗin haya, Ƙofar Doka:
Sallama gare ku. Ni ba hawa nake ba, saya na yi na ba ɗan yayana yana acaba yana kawo mini balas. Sai ya zama ba a jimawa ya shigo ya ce, Goggo mashin ya ƙi tashi, an ce sidiyai. In biya, a jima a sake. Da abin ya ishe ni na sa aka turo shi ƙofar gida, aka kira mai wayarin ina tsaye a kai. Ashe makunnin ɓoye ne da muka sa saboda ɓarayi. Wanda ya ɗaura shi ya cusa shi ƙarƙashin madigadi na baya, daidai inda taya ke watso taɓo. Ya buɗe shi a gabana, cikinsa ya yi kore da tsatsa, wayoyin kuma murɗe su kawai aka yi aka naɗe da baƙar leda. Duk sanda aka canja sidiyai ana girgiza wayoyin, sai ya ɗan haɗu, a ce an gyara. Tsofaffin da aka cire kuwa ko ɗaya ba a dawo mana da shi ba.

Mai wayarin, Muchiya:
Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Duk abin da aka cire a mashin ɗinki naki ne, ki ce a miƙo miki. Makunnin ɓoye ba shi da laifi, amma a sa shi inda ruwa ba ya kaiwa, a haɗa wayar da dalma, a naɗe da tef.

Ɗalibi, Kongo:
Nawa roba-roba ne. In na danna sitata sai in ji ƙas, shi ke nan. Abokina da ke karatun lantarki a kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli ya zo da mita. Ya ce batir mai bolt 12 in cike yake, mashin a kashe, kusan 12.6 zai nuna. Nawa 11 da ɗoriya ya nuna, da na danna sitata kuma ya zube ƙasa. Muka tayar da kik, ya ce in ja totur, lamba ta kamata ta hau tsakanin 13.5 da 14.5. Ko motsi ba ta yi ba. Rektifaya ce ta mutu, ba ta yi wa batir caji. Da sabon batir na saya, da shi ma haka zai tsiyaye.

Ɗan acaba, Kwangila:
Kuma jama'a ba kowane ƙin tashi ne wuta ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, yawancinmu a rizab muke yawo, lita ɗaya-ɗaya muke sha, wani lokaci a wajen 'yan bumburutu. Ruwa da dattin da ke kwance a gindin tanki su ke gangarowa kafireta. Kwance notin ƙasanta ka tara man a murfin gora, in da ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa daban. Da hunturu ma, Disamba da Janairu, mutum ya ƙi jan cok, mai rage iska don inji ya tashi da sanyi, ya ce wuta ce.

Manomi, Dakace:
To ni ku taimaka mini, nawa har yanzu yana jingine. Na gwada yadda bakanike ya faɗa, wuta na nan shuɗiya, fulogi na jiƙewa da mai, amma ya ƙi. Kik ɗin dawowa yake ya make ni a ƙwauri, wani lokaci salansa ta yi harbi kamar bindiga. Abin ya faro ne ranar da na ɗauko buhunan taki na afka rami, injin ya tsaya cak yana cikin giya.

Bakanike, Sabon Gari:
Baba, sannu. Daina buga kik ɗin nan kar ya ji maka ciwo. Yadda ka kwatanta, wuta na zuwa amma ba a kan lokacinta ba. Tsakanin magnito da sandar da yake zaune a kai akwai wani ɗan ƙaramin ƙarfe mai siffar rabin wata, muna ce masa ki. Shi ke riƙe magnito a daidai wurinsa. In inji ya tsaya da ƙarfi irin haka, ki ɗin na iya yankewa, magnito ya ɗan juya, sai fulogi ya riƙa sakin wuta tun fistin bai ƙarasa hawowa ba, shi ne yake turo maka kik baya. Ki ɗin ba tsada, aikin ne ke son kayan aiki. Ka kai wa mai fular cire magnito, kar ka yarda a buga shi da guduma, don maganaɗisun ciki na fashewa. Kar kuma a yanko ƙusa a soka a madadinsa. In an buɗe an tarar da ki ɗin lafiya, sai a duba bawul, amma ni shi na fi zargi.