Don Allah a ba ni shawara kan maganin ciwon hanta nau'in C

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigidana ya je bai wa ƙanwarsa jini, za a yi mata aikin haihuwa, sai aka ƙi ɗauka, wai yana da ciwon hanta nau'in C. Mutumin da ko zazzaɓi bai cika kwantar da shi ba, kullum yana shago a Kantin Kwari daga safe har magariba. Hajiyarsu ta aiko da sassaƙe cikin jarka, yana sha. Likita ya rubuta sofosbuvir da velpatasvir, ƙwaya ɗaya kullum har sati 12, amma kuɗin ya fi ƙarfinmu. Mai kemis ɗin layinmu ya ce sofosbuvir da daclatasvir ya fi araha. Wanne za mu saya? Wallahi ko barci ba na iya yi.

Baban Usaina: Allah ya ba shi lafiya. Ni allurar interferon aka yi mini shekarun baya, duk sati, sai masassara da kasala. Abokin kasuwancina ya zame ya bar ni da bashi, har yau abin na ci mini rai.

Anti Nas: Maman Ilham, ki saurare ni da kyau. An daina yayin interferon. Duka biyun da kika ambata suna warkar da sama da kashi 95 cikin 100, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su. Amma an yi masa gwajin yawan ƙwayar cutar a jini? Gwajin wurin bayar da jini yana nuna ta taɓa shiga jiki ne kawai, wasu jikinsu kan kore ta da kansa. A duba ko yana da ciwon hanta nau'in B kafin ya fara, don in yana da shi, yana iya tasowa in an fara maganin C. In yana shan omeprazole na olsa, ku faɗa wa likita, yana rage ƙarfin velpatasvir. Jarkar nan kuwa a ajiye ta yau.

Hajiya Babba: 'Yar nan, kar ki raina na gargajiya. Maƙwabcina da shi ya samu sauƙi.

Anti Nas: Hajiya, sauƙi daban, warkewa daban. Sai an auna jini sati 12 bayan gama magani ake tabbatarwa.

Maman Ilham: Anti, ba zan iya ce wa mahaifiyarsa ta ɗauke maganinta ba, ni suruka ce. Kuma mai kemis ɗin ya daɗe yana taimakonmu, ba zai cuce mu ba.

Anti Nas: Ban ce zai cuce ku ba. Ku je asibitin Malam Aminu Kano ku ga likitan hanta, shi zai canza muku zuwa mai arahar in ya dace. Gwajin fa, an yi?

Maman Ilham: Takardun suna wurinsa. Bari ya dawo kasuwa in tambaye shi. Amma har yanzu ba wanda ya ce mini ga wanda za mu saya.