Yadda ɗaliban jami'a suka jure zaman kullen korona a ƙauye

Da hutu muka zauna gindin darbejiya a ƙauyenmu, kusa da Ringim, da wasu ɗaliban Jami'ar Bayero da ta Tarayya da ke Dutse, hira ta koma kan 2020. Waccan shekara abu ya haɗe musu goma da ashirin: korona ta sa an rufe makarantu a Maris, ga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, da bai ƙare ba sai Disamba.

Abin da kowa ya nanata shi ne kada ka bar yini ya wuce ba tsari. Wani ya ce tunani ya hana shi barci, har ya rame. Da damina ta faɗi sai ya saɓi fartanya ya bi baffansa gonar gero. Ya dawo a gajiye, barci ya dawo da kansa. Bayan la'asar kuma ya buɗe littafi, ko shafi biyu ne.

Kan waya an yi musu. Wasu sun ce rukunin WhatsApp na 'yan ajinsu ne ya riƙe su, ko da yake sai an hau tudu ake samun sabis, caji kuma sai shagon mai janareto. Wata ƙanwarmu ta ce ita daina bin labarin mace-macen Kano na watan Afrilu ne ya kwantar mata da hankali. Ni dai na fi karkata gare ta.

Gorin "ɗan boko ya dawo" kuwa, sun ce a yi dariya a wuce. In abin ya yi nauyi, a samu inna ko yaya a faɗa musu.