Waɗanda suka taɓa ficewa daga zauren masoya saboda zagi da gaba, ku zo mu ji

Abu Sadik

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman waɗanda suka taɓa zama a wani zauren magoya baya a intanet, na ƙwallo ne, na mawaƙi ne ko na fim, har zaman ya ishe su suka tattara suka fita. Me ya kai ku bango? Ta yaya kuka fita? Abin da kuke so ɗin, ya biyo ku ko can kuka baro shi?

Nawa na ƙwallo ne. An buɗe shi don hirar wasa: wa koci zai sa, wa ya ji rauni, wa za a saya. Da tafiya ta yi tafiya, komai ya koma Messi da Ronaldo, wannan yana da kyautar Ballon d'Or 7 a lokacin, wancan yana da 5, kullum maganar ke nan kamar ba a taɓa yin ta ba. Ranar 18 ga Disamba 2022 Ajantina da Faransa suka tashi 3-3 a wasan ƙarshe na kofin duniya a Katar, Mbappe shi kaɗai ya ci uku, aka je bugun fenariti. Wasa ne da mutum zai ba jikokinsa labari. A zaurenmu babu wanda ya tsaya kan ƙwallo ko ɗaya cikin shidan nan, sai zagin iyaye. Wani ya shiga shafin wani ɗan zaure, ya ɗauko hoton matarsa ya liƙa da maganar da ba za ta maimaitu ba, kuma aka yi ta dariya. A daren na fita. Ban yi nadama ba, amma har yau idan aka ci ƙwallo mai kyau hannuna yakan nufi waya, sai in tuna babu wanda zan tura wa.

Ummu Hanan

Wa alaikumus salam, Yaya Abu Sadik. Allah ya saka da alheri da ka buɗe wannan maganar.

Ni wata ƙungiyar mawaƙan Koriya ta Kudu nake so tun ina makaranta. Wanda bai taɓa shiga irin zaurukan nan ba zai ɗauka hira ake yi. Aiki ake yi. Idan sabuwar waƙa za ta fito, akan raba jadawali: wane zai kalli bidiyon a YouTube daga ƙarfe kaza zuwa kaza don adadin kallo ya hau, wance za ta buɗe asusu da yawa ta jefa ƙuri'a a gasar kyaututtuka. Kafin ki kwanta sai kin turo hoton fuskar wayarki a ga shaida. Wadda ba ta cika nata ba, masoyiyar ƙarya ce. Akwai kuma jerin sunayen "maƙiya", wato shafukan da za a yi wa taron dangi, kowa ya kai ƙararsu lokaci guda har a rufe su. Sau da yawa laifin mai shafin bai wuce ya ce waƙar nan ba ta kai ta baya ba.

A Oktoban 2019 aka wayi gari da rasuwar mawaƙiyar Koriya Sulli, tana da shekara 25, bayan ta daɗe tana shan cin mutunci a intanet. Wata guda da 'yan kwanaki ƙawarta Goo Hara ta bi ta. Abin ya girgiza Koriya har manyan shafukan labarai, Daum sannan Naver, suka rufe wurin sharhi a ƙarƙashin labaran 'yan nishaɗi. Mu ma mun yi kuka da gaske. Kowa ya mayar da hotonsa baƙi, aka yi ta rubuta cewa baki yana kisa.

Ba a jima ba wata yarinya a cikinmu, ba ta ma gama sakandare ba, ta ce tana jin daɗin wata waƙa ta ƙungiyar da muke adawa da ita. Mutanen da suka sa baƙin hoton nan su ne suka tono tsofaffin rubuce-rubucenta, suka gano makarantarta, suka riƙa aika mata saƙo da asusun bogi. Na bi ta ta bayan fage na tambaye ta ko lafiya. Ta ce ba ta iya barci, kuma tana tsoron gaya wa mahaifiyarta kada a karɓe wayar. Na yi magana a zaure, aka ce an saye ni. Na bar su.

Na ɗauki lokaci ban iya sauraron waƙoƙin ba, da na ji muryarsu sai gabana ya faɗi kamar akwai aikin da ban gama ba. Yanzu ina saurare. Akwai waƙoƙin da na kunna ba adadi a da, amma sai bayan na fita na san abin da ke cikinsu, don a lokacin wayar tana gefe ne tana tara lamba, ni ina can ina faɗa da wata.

Gwani

Ni ban yarda da fitar ba, ku gafarce ni. Idan duk mai hankali ya tafi, wa ya rage? Ku tuna Yulin 2021, da Italiya ta doke Ingila a bugun fenariti a Wembley. 'Yan wasan Ingila Rashford da Sancho da Saka suka ɓarar, Saka ma shekararsa 19, aka yi musu ruwan kalaman wariyar launin fata. An ɓata zanen Rashford da ke bango a Manchester. Su wa suka je suka lulluɓe wurin da takardun ƙauna? Magoya baya ne. Da sun ce sun gaji sun kama gabansu, da masu zagin ne kaɗai za a ji. Ni ina cikin nawa zauren har gobe, duk wanda ya zagi ɗan wasa ko ɗan'uwa ina taka masa birki a gaban kowa.

Tsohon Admin

Malam Gwani, ina girmama matsayinka, kuma akwai zauren da hakan yake aiki. Amma bari in faɗa maka abin da na gani daga kujerar admin, don na riƙe wani babban zaure na magoya bayan wata ƙungiyar ƙwallo a Facebook shekaru masu dama.

Masu hankali ba sa fita da hayaniya. Da farko su rage rubutu, sannan su koma karatu kawai, wata rana ka duba ka ga babu su. Mai ashar kuwa ba ya gajiya, yana nan safe da dare. Sabon shiga yana koyon yaren gida ne daga wanda ya tarar yana magana, don haka cikin 'yan watanni abin da a da ake ɗauka rashin tarbiyya sai ya zama shi ne gaisuwa. Kuma na'urar kanta tana taya su. Takardun cikin gida da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 Facebook ya ba alamomin fuska, har da ta fushi, nauyin da ya ninka na "like" sau biyar wajen zaɓar abin da za a nuna wa mutane, kafin daga baya su rage. Ni ban san da wannan ba a lokacin, amma ina ganin aikinsa: wani zai zauna ya rubuta sharhi mai ma'ana kan yadda aka jera 'yan tsakiya, mutum goma su gani. Wani ya kira ɗan wasanmu jaki, kafin awa guda sharhi ya cika.

Na kafa dokoki, na kori mutane. Duk wanda na kora sai ya dawo da sabon suna, ko ya buɗe nasa zauren ya kwashi rabin jama'a, sauran admin kuma su ce na kashe musu wuri. Lokacin da abin Xhaka ya faru a Arsenal, a Oktoban 2019, aka yi masa ihu yana fita daga fili ya mayar da martani har ya rasa kambun kyaftin, ya fito ya bayyana cewa an daɗe ana aiko masa da barazana ga matarsa da fatan ciwon daji ga 'yarsa. Waɗanda suka aiko masu kiran kansu masoyan ƙungiyarsa ne. Na karanta wannan na waiwayi zaurena, na ga irin kalaman da nake gogewa kowace safiya ke nan game da namu 'yan wasan.

Ga ma'aunin da zan ba ka. Idan ka tsawata wa mai zagi, dubi inda goyon baya yake zuwa. In mutane suka mara maka baya a fili, zauren yana da sauran rai, ka zauna. In kuwa sai dai su biyo ka ta akwatin sirri su ce "gaskiya ka faɗa, amma kada ka ce na ce", to tsoro ya riga ya ci wurin. Nawa ya kai mataki na biyu. Na miƙa ragamar na tafi, kuma har yanzu ina jin nauyin yaran da na bari a ciki.

Gwani

Na ji, ranka ya daɗe. A nawa har yanzu akwai mutum huɗu zuwa biyar da suke tsayawa tare da ni a fili. Ranar da suka koma akwatin sirri zan sake tunani.

Anti Mairo

Ku duka kuna maganar dalilin fita. Ni abin da ya biyo baya nake so a faɗa, don shi ne ba a gaya mini ba.

Nawa zauren na wani dogon shiri ne mai zuwa kashi-kashi. Rigimar ita ce wa ya kamata jarumar ta aura, kuma a kan wannan aka rabu gida biyu, har ana zuwa shafin 'yar wasan da ta fito a matsayin kishiya ana tsine mata, kamar ita ta rubuta labarin. Irin abin da ya sa 'yar fim Kelly Marie Tran ta goge duk hotunanta na Instagram a 2018 bayan fitowarta a Star Wars. Na shiga ne a lokacin da nake jinyar mahaifina, dare ya yi tsawo, kowa ya yi barci, su ne kaɗai idonsu biyu. Sun yi mini addu'a, sun yi mini ta'aziyya da ya rasu. Mutanen da suka iya wannan alherin su ne dai suka iya waccan muguntar, kuma wannan ne ya sa fitar ta yi mini wuya.

Da na fita, kewa ta kama ni sosai. Wayata ta yi tsit. Nakan koma in leƙa ta asusun ƙanwata in ga ko ana maganata. Ana yi, na ɗan lokaci, sannan suka sami wata. Abin da ya taimake ni shi ne na nemi mata biyu da na san zuciyarsu, muka buɗe ɗan wurinmu mu kaɗai. Muna kallon shirin, muna saɓani a kansa, amma kowa ya san sunan 'ya'yan kowa, ba mai iya zagin wani.

Sabuwa a nan

Don Allah ku ba ni shawara. Ni har yanzu ina ciki. Ina so in fita amma suna da lambata, sun san fuskata, kuma na ga abin da suka yi wa waɗanda suka tafi kafin ni.

Ummu Hanan

Ƙanwata, kada ki rubuta musu wasiƙar bankwana. Duk wadda na ga ta yi dogon bayani, hoton rubutun aka ɗauka aka yi ta yawo da shi. Ki fara da rufe ƙofofinki tun kina ciki: ki mayar da shafukanki na sirri, ki cire sunan makaranta ko wurin aiki, ki saita hotonki da "status" ɗinki yadda sai wanda kika ajiye lambarsa zai gani, ki kuma hana a saka ki a wani zaure ba da izininki ba. Sannan ki kashe sanarwar zauren, ki rage magana a hankali har a saba da rashinki.

Idan na WhatsApp ne, tun 2022 fita ba ta bayyana ga kowa, admin kaɗai ake sanar wa, sai dai sunanki zai zauna a jerin waɗanda suka fita har kwana 60 ga mai son dubawa. Wanda ya biyo ki da zagi, ki ɗauki hoton saƙon da kwanan wata kafin ki toshe shi, kada ki amsa ko da kalma ɗaya. In abin ya kai ga barazana ko yaɗa hotonki, ya wuce rigimar masoya, ki kai ƙara a manhajar da kuma wurin hukuma.

Kuma ki gaya wa wani babba a gida tun yau, kafin ki danna fita. Yarinyar da na ba da labarinta ita kaɗai ta sha nata, shi ya sa ya yi mata nauyi haka. Shekarunki nawa, kuma zauren a wace manhaja yake? Ki faɗa mana sai mu nuna miki inda saitunan suke.