Lasisin gidan hayata a Ingila ya ƙare: ina da ikon tashin ɗan haya?

Baban Hafsat:
Assalamu alaikum. Ina da gida a birnin Lesta wanda mutum biyar da ba dangin juna ba suke haya, kowa da ɗakinsa, kicin da banɗaki kuma na tarayya ne. Lasisin HMO (lasisin gidan da mutanen da ba iyali ɗaya ba suke haya tare) na shekara biyar da ƙaramar hukuma ta ba ni ya ƙare wata huɗu da suka wuce, ban kuwa ankara ba sai jiya da na ci karo da takardar a durowa. Ɗaya daga cikinsu ya yi wata uku bai biya ko sisi ba. Shin zan iya ba shi notis na sashe na 21, wato notis ɗin tashin ɗan haya ba tare da faɗin dalili ba, ya tashi?

Maman Faruk:
Wa alaikumus salam, Malam. A tsarin da ake bi kafin 1 ga Mayu 2026, sashe na 75 na Dokar Gidaje ta 2004 ya hana bayar da wannan notis muddin gidan yana buƙatar lasisi kuma ba shi da shi, don haka ko ka bayar, alƙali zai yi watsi da shi, ka yi asarar kuɗin shigar da ƙara da kuma lokaci. Amma a wancan tsarin ba sai sabon lasisi ya fito ba, domin da zarar ka shigar da cikakkiyar takardar nema, ka biya kuɗinta, hanin ya ɗauke daga ranar. Notis ɗin da aka riga aka bayar kafin nan ba ya gyaruwa, sai dai a sake sabo.

Ɗan Katsina:
A ganina, Alhaji, tashin mutumin ba shi ne babbar damuwarka ba. Gudanar da irin wannan gida babu lasisi laifi ne, kuma kowane ɗaya daga cikin mutum biyar ɗin yana iya zuwa kotun harkokin gidaje ya nemi a mayar masa da hayar da ya biya a watannin da gidan ya yi haka, ban da tarar da ƙaramar hukuma ke iya ci. Mantuwa kuwa da wuya a karɓe ta a matsayin uzuri. Game da bashin, notis na sashe na 8 a ƙarƙashin Dokar Gidaje ta 1988, wanda ake bayarwa bisa dalili kamar bashin haya, shi ne ya dace da kai, tunda rashin lasisi bai toshe shi ba. Don Allah kada zuciya ta ɗebe ka ka canja makulli ko ka fitar masa da kaya waje, domin dokar 1977 ta kare 'yan haya daga kora ba bisa ƙa'ida ba ta mai da hakan laifi.

Maman Faruk:
Na manta wani abu. Dokar haƙƙin 'yan haya ta 2025 ta soke sashe na 21 ga gidajen haya masu zaman kansu a Ingila daga 1 ga Mayu 2026, don haka daga ranar ba a iya bayar da wannan notis ko da akwai lasisi, ta kuma ɗaga hayar da ake iya mayarwa daga wata 12 zuwa wata 24.

Baban Hafsat:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na cike takardar neman lasisin a daren jiya, saura takardar shaidar binciken gas, wadda mai gyara zai kawo ranar Litinin.