Ƙanina ya shiga fafutukar sauyin yanayi, yanzu barci ya ƙaurace masa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara, don Allah a sakaya sunana. Ƙanina ɗan shekara 19 ne, shekararsa biyu a wata ƙungiyar matasa masu fafutukar sauyin yanayi. Da farko har alfahari nake yi, don yaron da ba ya iya buɗe baki a cikin mutane ya koma shi ke jawabi. To tun da aka sanar cewa ɗumamar duniya a 2024 ta haura digiri 1.5 sama da yadda take kafin zamanin masana'antu, wato iyakar nan da ake ta magana tun yarjejeniyar sauyin yanayi ta Paris ta 2015, sai ya canza. Kwana yake kan waya yana bin labarin ambaliya da gobarar daji. Tsofaffin abokansa ya watsar da su, wai ba su damu ba. Na tambaye shi batun jarrabawa, sai ya ce, "Yaya, karatun me a duniyar da za ta ƙone?" Baba ya ce a raba shi da ƙungiyar. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta da hakan ba.

Wani ɗan uwa: Wa alaikumus salam. Ni dai ina bayan Baba. Abin da ya hana yaro barci da karatu ai ba alheri ba ne, a cire shi kawai.

Wata ma'aikaciyar jinya: Malam, a yi hattara da wannan shawarar. 'Yar uwa, ƙaninki ba shi kaɗai ba ne. A 2021 mujallar Lancet Planetary Health ta buga binciken da aka yi kan matasa 10,000 'yan shekara 16 zuwa 25 a ƙasashe goma. Kashi 59 cikin ɗari sun ce suna cikin matsananciyar damuwa kan sauyin yanayi, kashi 45 kuma sun ce abin na taɓa harkokinsu na yau da kullum. Kin ga damuwar ba ƙungiya ce ta haife ta ba. Ita kanta Greta Thunberg, shahararriyar 'yar fafutukar sauyin yanayi ta ƙasar Suwidin, tana da shekara 11 ta shiga ƙunci har ta daina cin abinci da magana, tun kafin ta fara zaman dirshan a gaban majalisar Suwidin a 2018. In kuka cire shi, damuwar tana nan, abokan da yake tattauna ta da su kawai kuka ƙwace masa. Wayar dare ce ta fi ba ni tsoro. Amma in rashin barcin ya haura mako biyu, ko ya rage cin abinci, ko ya fara cewa rayuwa ba ta da amfani, ku kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, kada ku jira.

Wani tsohon ɗan fafutuka: Na taɓa shiga irin halin nan, har na tsani duk wanda na ga yana dariya. Kada ki ce masa "ba komai", zai ɗauka ke ma ba ki gane ba. Ki tuna masa da yarjejeniyar Montreal ta 1987: ƙasashe sun haɗu sun hana sinadaran da ke huda rufin ozon, wato iskar sararin sama da ke kare mu daga haskoki masu cutarwa na rana, ga shi yana farfaɗowa. Masu ilimi ne suka gano matsalar, don haka jarrabawar nan tana cikin aikin.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Rashin barcin ya kai wata guda, don haka jibi za mu ga likita. Baba kuma ya yarda ya ci gaba da zuwa taronsu, da sharaɗin wayar ta riƙa kwana a wurina.